Yadda Za Ka Gane Wimbirel, Baƙon Bakin Teku Mai Baki Kamar Jinjirin Wata

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da zarar ta sauka a kan tsamiya ko kukar bayan gari, manomi zai fara duba ƙotar fartanyarsa, don ya san damina ta kawo kai. Amma kafin shamuwa ta gama haɗa kayanta ta bar mu, wasu baƙin na sauka can a bakin teku, tun daga Muritaniya har Kamaru, sun fito daga ƙasashen da rana ba ta faɗuwa sosai a watan Yuni. 'Yan uwanmu na zangon Akra da Tema, da na Legas, Fatakwal, Kalaba da Duwala suna wuce su kullum a cikin mota ba tare da sun waiwaya ba.

Ɗaya daga cikin baƙin nan nake so mu koya. Tsuntsun teku ne, ƙasar Hausa kuwa ba ta da teku, saboda haka za mu kira shi da sunan da ke cikin littattafan tsuntsaye: wimbirel. Masana kimiyya suna ce masa Numenius phaeopus. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta sabon wata, saboda lanƙwasar bakinsa. Ta biyun tana nufin mai ƙafa ruwan toka. Na zaɓe shi ne don babba ne, yana da alamu bayyanannu, kuma wanda ya san shi da kyau ya sami ma'aunin da zai riƙa gwada sauran tsuntsayen bakin ruwa da shi.

Jikinsa bai kai rabin kilo ba. Duk da haka, waɗanda ke ƙyanƙyasa a tsibirin Aisland, can arewacin Turai, sukan tashi a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, su miƙe ta saman tekun Atlantika kwana huɗu zuwa biyar ba ci ba sha ba sauka, har sai sun taka ƙasar Afirka ta Yamma. Masu bincike da suka ɗaura musu ƙananan na'urori a ƙafa sun tarar da wasu sun yi sama da kilomita 5,000 a tashi ɗaya. Daga Kano zuwa Jidda bai kai kilomita 3,500 ba, kuma alhazai a zaune suke yin ta. Wasu wimbirel ɗin daga Norway, Finland da arewacin Rasha suke zuwa. Daga Satumba zuwa Afrilu ne suka fi yawa a gaɓarmu.

Mataki na farko: fara da wata, ba da tsuntsu ba

Kuskuren da na fara yi, wanda kusan kowa ke yi, shi ne zuwa bakin ruwa a lokacin da na sami sarari. Na je da rana tsaka, na tarar ruwa ya janye can nesa, taɓo ya shimfiɗe iyakar ganina, tsuntsayen sun zama 'yan ɗige-ɗige suna rawa a cikin hucin rana. Na koma gida ina cewa babu komai a wurin. Akwai komai, lissafi ne ban yi ba.

Rayuwar wimbirel tana bin cikowar teku da janyewarta ne, ba fitowar rana da faɗuwarta ba. A gaɓar Afirka ta Yamma teku tana cikowa sau biyu, ta janye sau biyu, a cikin awa 24 da minti 50. Wato tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. In yau ruwa ya cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura minti goma, bayan mako ɗaya kuwa a daidai wannan lokacin ruwan a janye yake.

Nan ne wanda ya saba da lissafin watan Musulunci yake da riba a kan kowa. Jan wata da na rana ne ke motsa ruwan. Idan suka haɗa ƙarfi, wato a tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika, teku takan yi babbar cika ta kuma yi babbar janyewa. Ka sa ido a ranakun 1 da 2 ga wata, da 15 da 16. Wajen 8 ga wata da wajen 23 kuwa ruwan kasala yake yi, ba ya hawa sosai, ba ya sauka sosai. Wani abin daɗi kuma: a wuri guda, babbar cikar takan faɗo kusan a lokaci iri ɗaya kowane wata. In ka gano lokacin da ruwa ke cika a wurinku ranar 15 ga wannan wata, ka riga ka san na wata mai zuwa.

Ga abin da za ka yi. Ka nemi jadawalin cikar teku na tashar jirgin ruwa mafi kusa da kai, kamar Tema, Takoradi, Legas, Bonny, Kalaba ko Duwala. Ana samunsa kyauta a intanet, akwai kuma manhajojin waya. In ba ka da wannan, tambayi masunta. Ba sa buƙatar jadawali. Ka zaɓi ranar da cikar za ta faɗo da hantsi ko da la'asar, sannan ka isa wurin awa biyu zuwa uku kafin ruwan ya cika. Dalili shi ne ruwan zai yi maka aikin kora. Yana hawa yana cinye taɓon, tsuntsayen suna ja da baya, suna matsowa inda kake zaune, har su taru a ɗan abin da ya rage. Ba kai za ka bi su ba, su za su zo.

Idan ruwa ya cika tam, sai su koma makwanci: tudun yashi, gefen kududdufan gishiri, turakun masunta, ko rassan itatuwan mangarof, waɗannan da ke tsiro a cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Wimbirel ba ya ƙyamar hawa reshe, abin da da yawa daga danginsa ba sa yi. Awa biyu bayan cikar, taɓo ya fara buɗewa, sai su sauko da yunwa. Wannan ne lokaci na biyu mai kyau, kuma ni na fi son sa, domin a lokacin ne ake ganin farauta.

A kula, ba ko'ina wannan lissafi ke da ƙarfi ɗaya ba. A Akra da Legas bambancin cika da janyewa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. A mashigar kogin Kuros Riba wajen Kalaba ya fi haka sosai, a tsibiran Bijagos na Gini Bisau kuwa ya fi na Kalaba. A Bahar Maliya, wajen Port Sudan da Jidda, da ƙyar ma za ka lura ruwan ya motsa, don haka can safiya da maraice kawai za ka bi.

Mataki na biyu: wurin da za ka je

Kada ka nufi bakin tekun da ake shaƙatawa, mai farin yashi da igiyar ruwa. Wurin da babu kyan gani shi ne wurinsa: inda kogi ke shiga teku, inda tafkin ruwan gishiri ke da baki, taɓo mai wari, gindin mangarof, wani lokacin kuma duwatsun da ruwa ke rufewa ya buɗe. Alama mafi sauƙi ita ce ramukan ƙaguwa. In ka ga taɓo ya yi huji-huji kamar rariya, ga 'yan ƙaguwoyi suna gudu suna shigewa da ka motsa, to ka zo ɗakin cin abincinsa.

A Gana aikin ya zo da sauƙi. Tafkuna biyar na bakin teku sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar tun 1992: Sakumo tsakanin Akra da Tema, bakin kogin Densu a yammacin Akra, Muni a Winneba, Songor a wajen Ada, da Keta. Mazaunin Nima ko Ashaiman zai iya zuwa Sakumo ya dawo kafin azahar. Sai dai wasu daga tafkunan nan a toshe suke da tudun yashi yawancin shekara, saboda haka ruwan sama da rani ne ke hawa da sauke su, ba teku ba. A irin waɗannan, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ja ya bar laka, shi ne lokacinsu. A Najeriya ka duba gefen tafkin Legas, mashigun Badagry, da taɓon Bonny da Kalaba. A Duwala akwai bakin kogin Wouri.

Wanda Allah ya hore masa tafiya, manyan wurare biyu ne a yankinmu: Banc d'Arguin a Muritaniya, inda tsuntsayen gaɓa kusan miliyan biyu ke yin hunturu, da Bijagos. Mutumin Kano ko Damagaram kuwa da bai da hanyar teku, dausayin Hadeja da Nguru na cika da wasu 'yan gudun sanyin daga Turai da Rasha, kuma duk dabarun da ke cikin wannan jagora za su yi masa aiki a can, ban da lissafin teku. Wimbirel kansa dai ba safai yake tsayawa a cikin ƙasa ba.

Mataki na uku: kaya

Ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 8x42 ko 10x42 a jikinsa. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyun faɗin gilashin gaba. Kada ka ruɗu da na kasuwa masu lambar farko 20 ko 50, hannu ba ya iya riƙe su ba rawa. Ɗan littafin rubutu da fensir, don biro ba ya shiri da laima. Hula, ruwan sha, tufafi marasa haske, takalmin da ba za ka yi kuka ba in ya lalace. Farar riga tana korar tsuntsu tun daga nesa, don haka ranar Juma'a bayan masallaci sai an canza kaya. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, in ka koma gida ka goge madubin da ƙyalle mai laushi.

Mataki na huɗu: zama

Ka sa rana a bayanka. Da safe ka zauna ta gabas da taɓon, da yamma ka koma ta yamma. In rana tana gabanka, kowane tsuntsu baƙi ne, zanen kan da za ka dogara da shi kuwa ba zai fito ba. A Disamba da Janairu hazo yakan sauko har bakin teku. Yana rage nisan gani, amma yana tausasa hasken, ba laifi ba ne.

Ka zauna, kada ka tsaya a kan tudu inda sama za ta fito da siffarka. Jingina da kwalekwale, gindin kwakwa ko bango ya wadatar. Wimbirel matsoraci ne ƙwarai, ya fi ƙananan tsuntsayen da ke kewaye da shi saurin tashi, kuma in ya tashi yana ihu, kowa zai bi shi. Ka koyi karanta jikinsa: in ya daina ci, ya miƙe wuya, ya juyo da ido ɗaya yana kallonka, ka kai iyaka. Tsaya cak ko ka ja da baya. A makwanci kuwa, lokacin da ruwa ya cika, kada ka matsa ko don hoto. Ba su da wani wurin zuwa sai shawagi a sama har ruwa ya sauka, kuma kitsen da suke ƙonawa a wannan shawagin shi ne guzurin komawarsu gida.

Kada ka shiga taɓon. Na taɓa barin takalmi ɗaya a ciki, na koma gida da ɗaya, kuma na ci sa'a abin ya tsaya a nan. Laka tana riƙe ƙafa har gwiwa, ruwa kuma ba daga gaba kawai yake zuwa ba, yakan biyo 'yan kwazazzabai ya cika bayanka tukuna. Hawansa ma ba daidai yake ba: a awa ta farko a hankali, a awa ta uku da ta huɗu kuwa rabin dukan ruwan ke shigowa. In wurin na masunta ne ko masu gishiri, ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka. Baƙo da madubin hangen nesa kusa da tashar jiragen ruwa ko wurin sojoji yana jawo tambaya, gara ka nisanci irin waɗannan wurare gaba ɗaya.

Mataki na biyar: ganewa

Fara da girma da siffa, launi ya biyo baya. Tsawonsa daga baki zuwa bindi santimita 40 zuwa 46, wato ya fi tattabara, bai kai zabo ba, ga dogayen ƙafafu masu ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi. Jikinsa ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, ƙirji da zane-zane, ciki fari-fari. Launin nan ba zai taimake ka ba, domin rabin tsuntsayen taɓo haka suke. Abubuwa huɗu ne za su raba maka gardama.

Na farko baki. Dogo ne, ya kusa ninka tsawon kan sau biyu, ya lanƙwasa ƙasa. Amma duba yadda lanƙwasar take: daga gindi yana tafiya kusan a miƙe, sai wajen ƙarshe ya karye ƙasa, kamar an lanƙwasa shi da hannu a wuri ɗaya. Riƙe wannan.

Na biyu kai, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi. A saman kansa akwai baƙaƙen layuka biyu masu faɗi, a tsakaninsu wani siririn farin layi ya ratsa daga goshi zuwa ƙeya, sak tsagar kitso. Ƙarƙashin kowane baƙin layi akwai farar gira, sannan wani duhun layi ya bi ta cikin ido. Daga gefe za ka ga kamar ya sa baƙar hula. Tsagar ba ta fitowa sai ya fuskance ka ko ya sunkuya yana ci, don haka ka yi haƙuri ka riƙe madubin a kansa har ya sunkuya.

Na uku baya. In ya tashi za ka ga fari mai siffar tsinin mashi, ya faro daga gindin bindi ya haura tsakiyar baya. Fukafukan ba su da wani farin layi. Danginsa na nahiyar Amurka ba su da wannan farin, bayansu ruwan ƙasa ne duka.

Na huɗu kuka. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, na gidan su wimbirel kuwa ba ya ɓoyuwa: fito ne mai sauri, sauti ɗaya ana maimaitawa a jere ba hawa ba sauka, pi-pi-pi-pi-pi-pi-pi, yawanci wajen sau bakwai. A wasu yankunan Ingila ma da wannan bakwai ɗin suke masa laƙabi. Ka saurare shi a intanet sau biyu ko uku kafin ka fita. Sau da yawa kunne ne zai fara sanar da kai yana nan, har da dare in suna wucewa ta saman gari.

Wanda zai fi ruɗa ka shi ne babban wansa, kalu, wanda masana ke kira Numenius arquata. Ya fi shi girma, yana kai santimita 50 zuwa 60, bakinsa ya fi tsawo nesa, na macen yakan kai santimita 15, kuma lanƙwasarsa a hankali take tun daga gindi har ƙarshe, kamar lauje. Kansa ba hula ba tsaga, fuskarsa fayau. Kukansa ja ne mai tashi sama, kuur-lii, mai ban tausayi. Tarkon yana wajen 'ya'yan kalu na bana, musamman maza, waɗanda bakinsu bai gama tsawo ba a Satumba da Oktoba. In ka ga tsuntsu shi kaɗai, ba wani kusa da za ka gwada girma, kada ka yanke hukunci da baki. Jira kan. A gaɓarmu wimbirel ya fi kalu yawa, saboda haka in kana shakka, ka fi kusa da gaskiya in ka ce ƙaramin ne. Amma shakka shakka ce, rubuta ta a haka.

Sauran ba su da wuya. Akwai masu girma kusan ɗaya da shi waɗanda bakinsu a miƙe yake ko ya ɗan ɗaga sama. Da ka ga haka ka san ba shi ba ne. Akwai mai gajeren baki da babban ido, wanda in ya tashi za ka ga baƙi a hammatarsa. Akwai ɗan ƙarami mai kaɗa bindi sama da ƙasa ba hutawa. Jinjimi da danginsa su ma bakinsu a lanƙwashe yake, amma jikinsu fari da baƙi ne ko baƙi mai sheƙi, ba dabbare-dabbaren ƙasa ba.

Akwai wani ɗan gidan da ba za ka gani ba. Kalu mai siririn baki, wanda a da yake yin hunturu a gaɓar Bahar Rum, ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar a tafkin Merja Zerga na Maroko ne, a watan Fabrairun 1995. A 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare a duniya. Babban kalu ma yana cikin jerin waɗanda ake fargaba a kansu tun 2008. Wimbirel dai har yanzu da sauransa.

Mataki na shida: zaɓi ɗaya ka bi shi

Yawancin masu kallo da sun gane tsuntsu sai su juya neman wani. A ganina nan suke asarar mafi daɗin abin. Zaɓi wimbirel ɗaya ka ba shi minti goma sha biyar cur.

Abincinsa a Afirka ta Yamma ƙaguwa ce, musamman wadda namijinta ke da hannu ɗaya ƙato kamar awartakin maƙeri, yana ɗaga shi yana kaɗawa a bakin raminsa. Ba ta fitowa sai ruwa ya janye taɓo ya ɗan sha iska. Wimbirel yana da dabara biyu. Wani lokaci yakan yi tafiyar ƙasaita, taku ɗaya-ɗaya, sai ya zabura da gudu ya cafke wadda ta yi nisa da raminta. Wani lokaci kuma yakan zura bakin cikin ramin har gindi, yana karkata kai gefe, domin ramin ƙaguwa a lanƙwashe yake, bakin kuma ya dace da shi. A nan za ka gane amfanin jinjirin watan.

In ya fito da ƙarama, haɗiya ɗaya ce. In babba ce sai aiki ya tashi. Zai kama ta ta hannu ko ƙafa ya girgiza da ƙarfi har gaɓar ta cire, gangar jikin ta faɗi, ya sake ɗauka ta wata ƙafar, haka har ta zama ba abin da za ta kare kanta da shi. Sau da yawa yakan kai ta wani ɗan ruwa ya ɗauraye lakar kafin ya haɗiye. Babban hannun namijin yakan bar shi a yashe. In ka zo wuri bayan sun tashi ka ga hannayen ƙaguwa a warwatse, ka san wanda ya yi kalaci.

Lura kuma da zamansu da juna. A makwanci a cunkushe suke, amma a wurin ci kowa da gonarsa. Wasu suna kare wani yanki na taɓo, in ɗan uwa ya ƙetare iyaka sai ka ga an sunkuyar da kai, an buɗe bindi, an bi shi da gudu. In kana zuwa wuri ɗaya a kai a kai, za ka riƙa tarar da tsuntsu a kusurwa ɗaya mako bayan mako, kuma mai yiwuwa shi ɗin ne dai. Mace ta ɗan fi namiji girma da tsawon baki, amma sai sun tsaya kusa da juna ake iya gani. 'Ya'yan bana, a Satumba da Oktoba, gashinsu sabo ne fes, da ɗige-ɗige masu ruwan ƙwai a baya, iyayen kuwa nasu ya koɗe, wasu ma za ka ga giɓi a fukafukansu don suna sauya gashi.

Mataki na bakwai: rubutu da ƙirga

Rubuta a wurin, kada ka bari sai ka koma gida, domin ƙwaƙwalwa takan gyara abin da ido ya gani ya dace da hoton littafi. Kwanan wata na Turawa da na Musulunci, lokaci, wuri, halin ruwa, adadi, da abin da ka gani da idonka: tsaga ta fito, ko ban ga kai ba. Zana ko da zanen bai yi kyau ba.

Ƙirga ya fi sauƙi a makwanci. In ba su kai hamsin ba, ɗaya-ɗaya. In sun fi haka, ƙirga goma, ka riƙe girman wannan gungun a ido, ka riƙa aza shi a kan sauran. Yi sau biyu, in lissafin ya saɓa ka ɗauki na ƙasa.

Duba ƙafafu. Masu bincike a Turai da nan Afirka suna sa wa wasu zobba masu launi, wani lokaci da 'yar tuta mai haruffa. In ka ga haka, rubuta dalla-dalla: ƙafar hagu ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa, wane launi ke bisa wane. Ɗauki hoto ko da ta cikin madubin ne da waya. Jerin launukan nan sunan tsuntsun ne, kuma in ka aika wa masu aikin sukan turo maka tarihinsa, inda aka kama shi da duk inda aka taɓa ganinsa. Bayananka na yau da kullum kana iya sa su a eBird, manhajar tattara bayanan masu kallon tsuntsaye. A Najeriya akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a kusa da Jos da kuma ƙungiyar kare muhalli ta NCF da ke Lekki a Legas, a Gana akwai ƙungiyar kare namun daji ta Ghana Wildlife Society. Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya, aikin da aka faro tun 1967, kuma gaɓarmu ba ta taɓa samun isassun masu ƙirga ba.

Sai Afrilu

In kana da rana ɗaya tak da za ka ware a shekara, ka ware ta a rabin ƙarshe na Afrilu. Makonni kafin nan sun duƙufa ci ba ji ba gani, ƙirji ya cika, ciki ya sauko, tsuntsun da ka sani siriri a Nuwamba ya zama jibgege. Ka je da la'asar sakaliya, don a irin wannan lokacin tsuntsayen gaɓa suka fi tashi tafiya. Za ka ga wani gungu ya ƙi ci, sun tsaya fuska ɗaya, fito ya yi yawa, wani ya ɗaga fukafukai ya sauke, 'yan kaɗan su tashi su zaga su dawo. Za a iya yin haka sau uku ko huɗu. Sai a wani tashin ka ga ba su zago ba, suna ta hawa sama suna jeruwa, sun ba teku baya ko sun bi gaɓa, har madubin ya kasa riƙe su. Na Aisland a wannan karon da yawansu sukan yada zango a Ayalan ko Birtaniya su ƙara ci, su isa gida a watan Mayu, su yi ƙwai huɗu a ɗan rami a ƙasa.

Kada ka ajiye madubin. Ka koma a Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan sama ke dukan gaɓa, za ka tarar da 'yan tsiraru suna bin ramukan ƙaguwa kamar ba abin da ya faru. 'Ya'yan bara ne da ba su isa aure ba. Su ba sa komawa a shekararsu ta farko, nan suke zama har iyayen su dawo a Agusta.